Lauyoyin da na ɗauka ta waya daga Jidda, da abin da kuɗina ya saya

Akwai wani ƙaramin ofishin lauyoyi mata a can gida da tallarsa ke yawo a wayoyin matanmu na Jidda da Makka. Tallar na cewa in kina ƙasar waje aka ci zarafin 'yarki ko ƙanwarki a Najeriya, ki kira su, za su tsaya miki tun daga asibiti har a ɗaure mai laifi. Mata da dama sun tambaye ni ko na gaske ne, don sun ji na yi hulɗa da su. Na gaske ne. Sai dai abin da suka iya daban, abin da tallar ta yi alkawari daban, kuma gara ki san wannan kafin ki tura ko riyal ɗaya. Sunansu ba zai fito a nan ba, haka garinmu da jiharmu, domin duk wanda ya gane ofishin zai iya lalubo yarinyar.

Ni tela ce a unguwar Karantina ta Jidda, abaya da kayan yara nake ɗinkawa. Ƙanwata tana aikatau a wani gida a Riyad, waya ba ta shiga hannunta sai ta gama wanke-wanken dare. 'Yarta mai shekara 11 tana wurin Inna, mahaifiyarmu, kamar yadda 'ya'yan yawancin matan da na sani a nan suke hannun kakanni. Kuɗin da muke turawa a shagon wani mai POS na bakin layinmu ake cirewa, kuma yarinyar ake aika ta karɓo, tunda ciwon ƙafa ya zaunar da Inna. To shi ne ya yi mata fyaɗe. Mutumin da muke wa godiya duk ƙarshen wata, har dabino da zamzam muke aika masa in an samu mai tafiya.

Ba 'yan gidanmu suka sanar da ni ba. Maƙwabciya ce ta turo min saƙon murya tana raɗa, bayan abin ya kwana. A lokacin Kawu har ya zauna da mai unguwa an fara zancen sulhu.

A nan ne ofishin ya ci kuɗinsa, kuma a nan zan daɗe. Da na kira, Barista da kanta ta ɗauka, ba ta tambaye ni ko zan iya biya ba. Tambayoyinta uku ne a jere: "Hajiya, yaushe abin ya faru? An yi mata wanka? Kayan da ke jikinta an wanke su?" Sai ta yi min bayanin da ban taɓa jin wani malami ko wata unguwarzoma ta yi mana ba. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shi cikin awa 72, a sha na kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuwa bai wuce kwana 5 ba, kuma gwargwadon saurin shansa gwargwadon aikinsa. Ta ce in sa maƙwabciyar nan ta ɗauke kayan yarinyar ta zuba a ambulan ko ta naɗe a takarda, kada a sa a leda, domin leda na riƙe danshi ta lalata shaida. Da asuba wata ma'aikaciyarsu, dattijuwa mai hijabi har ƙasa, ta isa ƙofar gidanmu da mota. Ta gaida Inna a durƙushe, ta ce asibiti kawai za a kai jikarta a duba ta, ta kuma ce Inna ta shigo motar su tafi tare. Wannan dabarar ta burge ni. Da namiji aka turo da jaka da kwat, da ko zaure ba zai wuce ba.

Inda suka kai ta ɗaya ce daga cibiyoyin da aka keɓe domin waɗanda aka yi wa fyaɗe, inda likita da mai ba da shawara suke wuri guda, ba a biyan ko sisi. Ta farko a Najeriya ita ce Mirabel, da aka buɗe a 2013 a asibitin koyarwa na jihar Legas da ke Ikeja. A arewa akwai cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, da Waraka a asibitin Murtala na Kano, da Nana Khadija a Sakkwato. Ki rubuta sunan wadda ta fi kusa da garinku ki ajiye, ki kuma faɗa wa wadda ke riƙe miki 'ya'ya. Ofishin bai ɓoye min cewa wurin kyauta ne ba, kuma wannan ya ƙara musu daraja a idona. Abin da na biya shi ne mutum mai ƙafa a ƙasa wanda zai fitar da yarinya daga gida kafin lokaci ya ƙure, ya kuma fito da takardar likita mai sa hannu da hatimi.

Aiki na biyu da suka yi da kyau shi ne Kawu. Ni ban isa in ɗaga masa murya ba, shi ya aurar da ni. Maganarsa kuma ba baƙuwa ba ce, duk mun taso muna jin ta: a rufa asiri, a bar wa Allah, in magana ta fita wa zai aure ta. Dangin mai shagon sun kawo kuɗi da buhun shinkafa a matsayin kuɗin magani. Barista ta je har zaure, ta zauna a tabarma ƙasa da shi, aka bar min waya a buɗe ina ji. "Baba," in ji ta, "asirin wa ake rufawa? Na yarinyar nan tuni ya tonu a bakin layi, kowa na nuna ta. Wanda ya rage a rufe nasa ne, kuma shagonsa a buɗe yake, yaran unguwa suna shiga." Kawu ya yi shiru mai tsawo. Ba ta ce ya yi kuskure ba, ba ta kawo masa ayar doka ba. Ta dai roƙe shi ya mayar da shinkafar da hannunsa, don kada gobe a ce gidan sun karɓi diyya. Ya mayar. Amma har yau ya fi jin haushin Barista da ni fiye da mai shagon, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Daga caji ofis zuwa sama kuwa, labarin ya sauya, kuma a nan nake da ƙorafi da tallarsu. Lauyan da kika ɗauka ba shi ke gurfanar da mai fyaɗe ba. Laifi ne tsakaninsa da gwamnati, lauyan gwamnati ke shigar da ƙara, naki zama yake yi a gefe yana sa ido yana tunatarwa. 'Yan sanda sun kama mutumin, an kai shi kotun majistare, kotun ta tura shi gidan gyaran hali saboda ba ta da hurumin sauraron irin wannan laifin, aka aika fayil ma'aikatar shari'a a jira shawarar daraktan gabatar da ƙara kafin a je babbar kotu. A wannan jiran watanni suka shuɗe. Duk wannan Barista ta san shi tun ranar farko, tsarin ƙasar ne, amma sai da na fara tambayar "yaushe za a yanke masa?" ta warware min. Wanda ya rubuta "har a ɗaure mai laifi" a talla ya sayar da abin da ba nasa ba.

Ba doka aka rasa ba. Akwai dokar kare haƙƙin yara ta 2003. Akwai dokar hana cin zarafi ta VAPP da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, wadda ta kai hukuncin fyaɗe har ɗaurin rai da rai, ta kuma yarda cewa namiji ma ana iya yi masa, ko da yake sai jiha ta amince da ita kafin ta yi aiki a cikinta. A watan Yunin 2020 gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, a watan Satumba na shekarar Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a dokar dandaƙa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe a Kaduna. Mun yi ta tura wa juna labarin a lokacin muna cewa madalla. Sai da abu ya zo gidanmu na ga yawan matakalar da ke tsakanin takardar doka da ƙofar kurkuku, kuma a kowace mataka akwai mai cewa ki haƙura. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Ki ƙirga 'ya'ya matan da matan layinki na nan suka baro a gida, ki raba huɗu.

Batun kuɗi. Na farko riyal 600 na tura, bayan sun riga sun kai ta asibiti, kuma sun aiko da rasit. Wannan ban yi da-na-sani ba. Abin da ke ci min rai shi ne "kuɗin zirga-zirga" da ke zuwa kafin kowane zaman kotu, babu rasit, babu lissafi, kuma ko an ɗage zaman saboda alƙali bai zo ba ko ba a kawo wanda ake tuhuma daga gidan yari ba, kuɗin sun tafi. Na san mota ba ta tafiya da ruwa. Amma da zarar mutanen gida sun ji lambar waya ta fara da +966, farashi na tashi da kansa, a ɗauka riyal a bakin titi muke shara. Na faɗa wa Barista haka kai tsaye, ta yi dariya ta rage kaɗan.

Sadarwarsu ma tana buƙatar gyara in da gaske mu suke nema. Muna gaban Najeriya da awa 2, hutunmu Juma'a da Asabar, nasu Asabar da Lahadi, mai aikatau kuwa ba ta da hutu sai tsakar dare. Ƙanwata, uwar yarinyar, ba ta taɓa samun su a waya ba, kullum ta bakina take ji. Rahoton da suke turowa bayan zaman kotu da Turancin lauyoyi yake zuwa, sai na kai wa ɗan maƙwabta ɗalibi ya karanta min, wato sirrin da ake ta kaffa-kaffa da shi ya shiga kunnen wani. Da na yi magana suka koma saƙon murya da Hausa, shi ke nan an huta. Abin da bai kamata sai an roƙa ba ne.

Babban laifinsu a wurina bai shafi kuɗi ba. Lauyoyin ofishin matasa ne, suna shiga suna fita, wata ta yi aure, wata ta samu aikin gwamnati. Duk sabuwar da aka miƙa wa fayil sai ta ce a kawo yarinyar ta ji daga bakinta. Ta faɗa wa likita, ta faɗa wa 'yan sanda, tana jiran faɗa a gaban alƙali da lauyan mai shagon, sannan mutanen da nake biya su ma su sa ta maimaita. Inna ta ce duk ranar da aka dawo da ita daga ofishin ba ta cin tuwon dare, kuma sai ta yi fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana ƙarama. Bayanin yana rubuce a fayil, su karanta mana. Ofishin da ya san a sa kaya a takarda ba a leda ba ya kamata ya san wannan. Kuma ba su da mai kula da halin da zuciyar yaro ke shiga, da shari'a kaɗai suka damu. Cibiyar asibitin ce ke ci gaba da ganinta, dattijuwar nan mai hijabi kuma takan leƙa ta don Allah, ba a cikin aikinta ba.

Wadda ba ta da riyal 600 kada ta ce hanya ta toshe. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da rassa a jihohi kuma tana tsaya wa mata da yara kyauta, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP, wadda ke riƙe da rajistar masu laifin fyaɗe da aka ƙaddamar a 2019. Bambancin kawai shi ne sai kin samu wani naki da zai tashi ya je ya yi ta bibiya, mu kuwa abin da ba mu da shi ke nan. In kuma a nan Saudiyya abin ya faru, wannan ofishin ba shi da abin da zai yi miki, lasisinsu na Najeriya ne. A nan lambar kai rahoton cin zarafi a cikin gida 1919 ce, ta taimakon yara kuma 116111. Na san abin da ke hana da yawa daga cikinmu kira, wadda ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, tsoron tarhil, a kama ta a kora ta gida, ya fi mata komai, kuma masu wannan ta'asar sun san haka sarai.

In wata ta tambaye ni ko ta ɗauke su, cewa nake ta ɗauka, musamman domin kwana ukun farko da kuma zaman zaure da dattawa. Amma kafin ta tura kuɗi ta sa su faɗa mata da Hausa, a saƙon murya da za ta ajiye, nawa ne kuɗin kowane zama da abin da zai faru in an ɗage, wace lauya ce za ta riƙe fayil ɗin, da kuma alkawarin cewa ba za a sake zaunar da yaro ya ba da labari ba sai a kotu. Tamu shari'ar yanzu tana babbar kotu, likita ya ba da shaida, an ɗage zuwa bayan hutun alƙalai. Na nemi Barista ta riƙe fayil ɗin da kanta har ƙarshe. Ta yarda, amma ta ce kuɗinta ba ɗaya ba ne da na yaranta, kuma a kan wannan muke ciniki yanzu.