Noman attarugu a ruwa: bokitin Bato ko bututun NFT?

Yawancin kayan noman ruwa, wato noma ba ƙasa sai ruwan taki, da ake tallatawa a intanet, farar bututun nan mai ramuka jere da juna, an ƙera su ne don latas da ganyayyaki masu ƙaramar saiwa. Mai sayarwa zai ce maka komai suna yi, har barkono. Attarugu kuwa ba latas ba ne. Yana ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin ya tsiro, sai ya yi wata uku ko huɗu bayan dashe kafin 'ya'yansa su nuna, sannan ya ci gaba da bayarwa har shekara ta zagayo idan an kula da shi. Tsiron da zai daɗe haka, ya yi rassa ya yi nauyi, wurin zama yake buƙata.

Mu fara da bututun, wato NFT, tsarin da Allen Cooper ya ɓullo da shi a Ingila. Ruwan taki ne siriri ke gudana a ƙasan bututu dare da rana, saiwa na kwance a ciki. Matsalarsa ga attarugu biyu ce. Saiwar tana cika bututu mai inci 3 ko 4 har ta zama kamar soso, ruwa ya taru a baya ya malala, tsirran da ke ƙarshen layi su zauna da ƙishi. Ta biyu ta fi muni: babu abin da ke riƙe danshi. In aka ɗauke wuta da rana tsaka a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, kafin awa guda ganye ya langaɓe, ƙananan gashin saiwa sun ƙone. Wanda ba shi da sola da batir kada ma ya taya.

Tsarin ruwa mai zurfi, DWC, inda saiwa ke nutse cikin bokiti ana hura mata iska da ƙaramin famfo irin na tankin kifi, yana girmar da barkono da sauri ƙwarai, amma a wuri mai sanyi. Ruwan da saiwa ke so bai wuce digiri 18 zuwa 24 ba. A digiri 20 lita ɗaya na riƙe kusan miligiram 9 na iskar oksijin, a digiri 30 ta sauka zuwa wajen 7.5, alhali a lokacin ne saiwar ta fi buƙatarta. Nan cutar ruɓewar saiwa ta Pythium ke samun ƙofa. Ɗaga murfin ka duba: lafiyayyar saiwa fara ce tas, mai cuta kuwa ta koma ruwan ƙasa, tana yauƙi, tana warin kwata, in ka ja ta da yatsu biyu fatar ta sulluɓe ta bar zare. Da hunturu tsarin yana yi. Da bazara asara ce. Ɗan'uwansa marar famfo, tsarin Kratky, ya isa ga mai son tushe ɗaya ko biyu a tsakar gida, muddin mazubin ya kai lita 40 zuwa sama, kuma in za a ƙara ruwa ba a nutsar da saiwar da ke saman ruwa tana shaƙar iska ba.

Wanda muke ba da shawara a kansa shi ne bokitin Bato, wanda wasu ke kira bokitin Holand. Na kanti yana ɗaukar lita 11, amma bokitin fenti mai lita 20 da aka wanke sarai ya fi shi dacewa da attarugu. Ana huda shi a gefe, santimita 5 daga ƙasa, a sa roba mai hana yoyo, a zura gwiwar bututu tana kallon ƙasa. Ruwan da ya wuce wannan layi ya fita ta bututu mai inci 2 ya koma tanki, wanda ke ƙasa da layin kuma ya zauna a matsayin ajiya. Wannan ɗan ruwan, da danshin da abin cikin bokitin ke riƙewa, su ne ke ceton tsiro yini guda in famfo ya tsaya. A ba bututun komawa ɗan gangare zuwa tanki, a bar santimita 45 zuwa 50 tsakanin bokiti da bokiti, tushe ɗaya a kowanne. A fenta su fari ko a naɗe su da buhu, don baƙin bokiti a rana tukunya ce.

Abin da za a cika bokitin da shi yana da muhimmanci kamar bokitin kansa. Tsakuwa a ƙasa har ta rufe gwiwar, sannan garin ɓawon kwakwa gauraye da falayit (farin dutse marar nauyi mai riƙe iska) ko buntun shinkafa da aka babbaka, kashi biyu da ɗaya. Ɓawon kwakwa mai araha yakan zo da gishiri, kuma yana kama sinadarin kalsiyam ya hana tsiron samunsa. A wanke shi har ruwan ya fito garau, a jiƙa shi kwana ɗaya cikin ruwan kalsiyam naitiret, takin da ke narkewa a ruwa, kafin dashe. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga sabbin ganye sun murɗe tun makon farko ya ɗora wa iri laifi.

Kowane bokiti a ba shi maɗigi, wato ɗan bakin da ke ɗiga masa ruwan taki daga tanki, mai lita 2 a awa, agogon kunnawa ya buɗe famfo sau uku zuwa shida a yini, gwargwadon zafi da girman tsiro, har a ga ruwa na fita ta gwiwar. Babban tushe yana shan lita ɗaya zuwa biyu a rana, da bazara ya zarce. Aibin tsarin na nan: maɗigi yana toshewa, ba ya kuma sanar da kai. A sa matatar ruwa bayan famfo, a bi bokitan kowace safiya da ido.

Takin buhu na gona ba zai yi ba, ba ya narkewa duka. Haɗin da aka fi sani shi ne na takin noman ruwa mai suna Masterblend 4-18-38: giram 12 nasa, giram 6 na gishirin Epsom, giram 12 na kalsiyam naitiret a lita 19 na ruwa. A narkar da su ɗaya bayan ɗaya, kalsiyam a ƙarshe. In aka haɗa su a bushe ko a ɗan ruwa kaɗan, farin laka zai kwanta a ƙasa, kalsiyam ɗin ya tafi ke nan. pH, wato awon tsamin ruwa, ya tsaya tsakanin 5.8 da 6.3, EC kuma, wato awon ƙarfin takin da ke cikin ruwan, 1.0 zuwa 1.5 ga ƙananan tsirrai, 2.0 zuwa 2.5 in sun fara fure. Ruwan burtsatse mai yawan ma'adinai yana tura pH sama kullum, sai sabbin ganye su yi rawaya jijiyoyinsu na kore, alamar sinadarin ƙarfe ba ya shiga. Saboda haka ma'aunin pH da na EC suna cikin kuɗin kaya tun farko. A zubar da ruwan tanki a sake sabo duk mako biyu.

Abu ɗaya ne babu bokitin da zai magance shi: zubar fure. In zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai sauka ƙasa da 24 ba, attarugu zai yi fure ya kakkaɓe shi ko da taki ya yi daidai. Ragar inuwa mai tare kashi 30 zuwa 50 na hasken rana tana rage abin, binne tanki a ƙasa kuma yana sanyaya ruwan. Mafi sauƙi dai a yi renon iri a ƙarshen damina, furen ya faɗo cikin Nuwamba zuwa Fabrairu. In rumfar a rufe take ba iska ba ƙudan zuma, a riƙa girgiza igiyar da aka ɗaure tsiron da ita da hantsi.