Borrow da lend, learn da teach: abin da Turanci ya raba, harshen Cek ya haɗa

Wani ƙaninmu da ke karatun likita a Prag, babban birnin ƙasar Cek, ya kawo tambaya. Ya ce ya duba borrow a ƙamus na Turanci zuwa harshen Cek ya ga půjčit si, ya duba lend ya ga půjčit. Ya koma kan learn da teach, nan ma ya tarar da učit se da učit. Shin ƙamus ɗin ne ya yi kasala, ko kuwa kalmomin Turancin ma'anarsu ɗaya ce?

Ƙanina, ƙamus bai yi laifi ba, kuma kalmomin Turancin ba ɗaya ba ne. Abin da ya rikita ka shi ne kana bi ta Turanci zuwa harshen Cek, alhali a wannan gaɓar Hausarka ta fi kusa da shi. Ka yi ta zagaye, ga hanya a ƙofar gida.

Mu fara da aro. Bature yana duba inda kayan suka nufa. In suna fita daga hannunka zuwa na wani, lend ne, kuma to ke bin sa. In suna shigowa hannunka, borrow ne, from ke bin sa. Mu kuwa tushe ɗaya muke juyawa: na ara masa littafi, na ari littafi a wurinsa. Mutanen Cek ma haka suke yi, sai dai su da 'yar kalmar si suke juya akalar. Ma'anarta "wa kaina", ka ga ke nan půjčit si kamar a ce mutum ya ara wa kansa ne. Ga su kafaɗa da kafaɗa:

Ara mini biro. / Lend me a pen. / Půjč mi propisku.
Ko zan iya aron bironka? / Can I borrow your pen? / Můžu si půjčit tvoji propisku?
Na ara wa abokina littafi. / I lent my friend a book. / Půjčil jsem kamarádovi knihu.
Na ari littafi a wurin abokina. / I borrowed a book from my friend. / Půjčil jsem si knihu od kamaráda.

Dubi layuka biyun ƙarshe da kyau. Kalmar aboki ta sauya wutsiya: kamarádovi in shi ne aka ba, od kamaráda in daga hannunsa abin ya fito. Suna a harshen Cek yana da yanayi 7, wato wutsiyarsa kan sauya gwargwadon aikinsa a jimla, kuma da waɗannan wutsiyoyin, tare da 'yan kalmomi irin od, yake yin aikin da Turanci ke yi da to da from. Mace kuma půjčila jsem za ta ce. In da malaminka ko wani dattijo kake magana, půjčte mi za ka ce, don půjč mi na tsara ne.

Daga nan ne "borrow me your biro" ɗin da muka taso muna ji a aji ya samo asali: "ara mini" ce aka sa wa rigar Turanci. Ɗaliban Cek ma irin wannan tuntuɓen suke yi in suna koyon Turanci, kuma dalilinsu irin namu ne. A jarrabawa dai kuskure ne, ko da kowa ya gane abin da kake nufi.

Game da furuci, kada baƙaƙen su ba ka tsoro. Harafin č daidai yake da c ɗinmu na "ciki", j kuma y ce, ů mai ɗan zobe a ka doguwar u ce. A hirar yau da kullum ma za ka ji mutane da yawa suna haɗiye j ɗin, su ce pučit.

Akwai wurin da Hausa ta fi su duka biyun tsantseni. Mu muna raba aro da rance. Abin aro shi kansa ake mayarwa, kamar keke ko tabarma. Rance kuwa na kuɗi ne ko hatsi, kwatankwacinsa ake biya. Turanci bai damu da wannan ba, borrow ɗaya ce ga keke da kuɗi, haka půjčit si. Sai a wajen suna za ka ga ɗan bambanci: loan a Turanci, půjčka a harshen Cek, in kuma na banki ne za ka yawaita ganin úvěr a takardu.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne půjčovna. Za ka ga an rubuta půjčovna aut ko půjčovna kol a jikin shago, wato wurin hayar mota ko keke. Tushen kalmar na aro ne, amma kuɗi za ka biya. Wanda ya ce půjčil jsem si auto v půjčovně, wato ya ɗauki mota a wurin haya, a Turanci rented ko hired zai ce, domin borrow a kan kaya kyauta ce. Abin dariya, a kan rent Turancin da kansa ya yi abin da kake zargin ƙamus da shi: mai gida rent yake yi, ɗan haya ma rent yake yi, sai dai a ƙara out ga mai gidan, ko a Ingila a ce let. Harshen Cek bai sauya hali ba: pronajmout ga mai ba da haya, pronajmout si ga mai kamawa. Ka lura da wannan si ɗin ranar da za ka nemi ɗaki.

Sai koyo da koyarwa. Nan ma tushenmu ɗaya ne, na koyi abu, na koya wa wani, ina koyar da yara. Turanci ya raba: learn ga ɗalibi, teach ga malami.

Ina koyon harshen Cek. / I am learning Czech. / Učím se česky.
Ina koyar da Turanci. / I teach English. / Učím angličtinu.
Ta koya mini girki. / She taught me to cook. / Naučila mě vařit.
Na koyi girki. / I learnt to cook. / Naučil jsem se vařit.

Abu biyu zan ja kunnenka a kai. Na farko, a nan se ce, ba si ba. Se tana nufin "kaina", si tana nufin "wa kaina". Mai koyo kansa yake horarwa, mai aro kuwa wa kansa yake karɓowa. Na biyu, kuma a nan Hausa za ta iya yaudararka: muna cewa ara mini, koya mini, duk da "mini" ɗaya. Su kuwa půjč mi suke cewa, amma nauč mě. Wanda ake koya wa, a wurinsu, shi aikin ya faɗa wa kai tsaye. Na- ɗin da ke gaban naučit yana nuna an kai ƙarshe, an iya abin. Učil jsem se na nufin na zauna na yi ta fama, naučil jsem se na nufin ya zauna a kai.

Kalmar study ma tana da ƙofa biyu a can, kuma mu duka "karatu" muke cewa. In kana nufin kai ɗalibin jami'a ne a wani fanni, studovat ce: studuju medicínu na Karlově univerzitě, wato ina karatun likita a jami'ar nan ta Prag da aka kafa a 1348. In kuwa kana nufin ka duƙufa kan littafi saboda jarrabawar gobe, učím se na zkoušku za ka ce. Bature zai ce study a duka biyun. A ganina wannan ya fi batun learn da teach saurin kunyata baƙo, don kullum ana tambayar ɗalibi me yake yi.

Tunda mun taɓo kuɗi, bari in ƙara maka ɗaya da ba ka tambaya ba. A kan bashi, Turanci da harshen Cek ne suka haɗa kai suka bar mu. Owe da dlužit duka daga bakin wanda ake bi suke fitowa: I owe you 100 crowns, dlužím ti 100 korun. Bahaushe kuwa daga ɓangaren mai bi yake kallon abin, ya ce kana bi na koruna 100 (koruna kuɗin ƙasar Cek ne). Shi ya sa za ka ji ɗan'uwanmu ya ce "I owe him" alhali shi ne ya ba da rancen. In abokin ɗakinka ne ya karɓi kuɗinka, dlužíš mi za ka ce masa, you owe me. In ka kuskure ka ce dlužím ti, to da bakinka ka amsa cewa kai ne za ka biya.