Church Street ba coci, sai shaguna

Yaya salam, ya kasuwa ya su Umma, dan Allah a gaida min kowa. Kace in baka labarin kasuwar nan da yadda kaya suke, toh sai yau na samu zama tunda bani da aiki.

Babban titin siyayya anan Liverpool sunansa Church Street, wato titin coci, nayi watanni ina binsa ban ga coci ko ɗaya ba sai shaguna, har wata rana a bakin wata hanya da ke ratsawa zuwa Liverpool One, wani katafaren rukunin shaguna, na lura da wani ɗan gicciye na tagulla an dasa shi cikin daɓen ƙasa, mutane sai takawa suke da ledojinsu ba mai ko duba ƙasa. Wani dattijo da muke aiki tare ne ya warware min. Ashe nan ne cocin St Peter yake, na ɗarikar Angalika. A 1699 majalisa ta cire Liverpool daga ƙarƙashin gundumar cocin Walton da ke kusa da ita ta bata gundumar coci tata, aka gina shi aka buɗe a 1704, lokacin garin bai kai ya kawo ba, jiragen ruwa ne suka ɗaga shi daga baya, harda cinikin bayi daga gaɓar Afirka ta yamma wanda su kansu basa musu. A 1880 da aka naɗa wa garin bishop na farko, Ryle, nan ya zauna na wucin gadi, amma wurin ya musu kaɗan shine suka aza tubalin wani ƙaton sabon coci a kan tudu a 1904, wanda ba a gama ba sai 1978. Shi kuma tsohon aka daina ibada a ciki, zuwa 1922 an baje shi, Woolworths suka gina kanti a filin. Su ma Woolworths ɗin sun karye, farkon 2009 suka rufe shagunansu na ƙarshe a ƙasar.

Wallahi Yaya abin ya taɓa ni duk da ba addinina bane. Wurin da aka fi shekara 200 ana ɗaura aure ana sallamar gawa, yau takalmi da riga ake saidawa a kai. Ka ƙaddara ace tsohon masallacin unguwarmu an kwashe shi an yi plaza. Makarantar Bluecoat da aka gina a bayansa dan 'ya'yan talakawa ita tana nan har yanzu, sun maida ta gidan zane-zane.

Amma kasan wani abu, Lahadin bata tafi ba. Doka ce a Ingila manyan kantuna awa 6 kawai suke buɗewa ranar, ƙarfe biyar na yamma sai kaga ana ja da ƙofa, ko burodi ka manta sai dai ƙaramin shagon unguwa kuma can yafi tsada.

Maganar kaya kuwa, tufafin yayi suna da araha in ka auna da albashi, a Primark da kuɗin aikin awa ɗaya zaka ɗau riga, sai dai yadin bai da jiki, ko kusa bai kama ƙafar shaddar da kake saidawa a Kwari ba. Ba tayi ba albarka, abinda aka liƙa shi zaka biya, wani wurin ma ba mutum, inji zaka nuna wa kayan ka taɓa kati ka fita. Abinda yafi burge ni shine maida kaya, a shaguna irin su Primark in dai rasit na hannunka baka cire tambarin ba cikin kwana 28 zasu baka kuɗinka ba wanda zai tambayeka dalili, inaga wannan ko kai ka gwada da kwastomomin da ka sani zasu ƙara riƙe ka. Wuta bata ɗaukewa amma kuɗinta da na ɗumama ɗaki lokacin sanyi yana cin albashi sosai.

Inda muka fi su nesa shine aikin hannu. Tela, aski, gyaran waya, gyaran takalmi, duk abinda mutum zai taɓa maka da hannunsa tsada, rage tsawon wando kawai sai ya kusa kuɗin wandon, shiyasa suke yarwa su sayi sabo. Kuma ba mai ce maka ɗauka ka kawo kuɗin Juma'a, ba mai miƙo maka benci da ruwa, wannan nake kewa a rumfarka. Naman halal akwai a Lodge Lane, doya da manja ma ana samu, doyar yawanci ta Ghana ce kuma a sikeli ake aunawa.

In akwai mai tahowa kafin sallah ka bada a ɗinka min kala biyu da awon bara, a haɗo da kuka da daddawa. Banda kilishi dan Allah, nama basa bari ya shigo, a filin jirgi zasu karɓe.