Na ci tuwon Mama a Tumfure, ga abin da na gani

Tun watan jiya nake cewa zan yi magana kan wannan gidan abincin na Tumfure a nan Gombe, wanda ke gefen hanyar Bauchi, yau dai Allah ya yi. Ba zan faɗi sunan wurin ba don kar a ce talla aka biya ni, mu dai Mama muke ce wa mai shi, 'yar Billiri ce kuma Kirista, kuma ba ɓoyewa take ba. Kana ɗaga labule abin da zai fara tarbarka kalandar cocin ECWA ce a bango, ga wata ayar Zabura da Hausa an sa mata firem a saman firij, ga ƙaramar sifika tana ta waƙoƙin zumuntar mata a hankali.

Abinci tukuna. Tuwon shinkafa da miyar taushe shi ne sarki a wurin, wallahi kabewar nan da gyaɗa sun ji juna, ba irin taushen da ake tsula wa ruwa a kira shi miya ba. Farfesun kayan ciki ma ba laifi sai dai yajin ya yi yawa, in kana da olsa ka yi ta kanka. Sakwara da agushi dai-dai gwargwado, na ci wadda ta fi ta. Shinkafa da wake kam ban ga abin yabo ba ranar da na saya, ta ɗan caɓe.

To abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne ranar da na ja wani abokin aikina muka je. Muna zama ya ɗaga kai ya ga kalandar, sai na ga ya yi tsuru, ya matso kusa da kunnena wai "kai waye ya yanka naman nan?" Ashe Mama ta ji. Ba ta ɓata rai ba ko kaɗan, ta ajiye ludayi ta zo ta ce "Malam tambayarka a kan hanya take, ni ba na yanka ko kaza a gidan nan, naman shanu daga kwata nake saye wajen mahauta 'yan uwanku, kajin ma wani malami ne maƙwabcina yake yanka min, kuma alade ko giya ba su taɓa shiga tukunyata ba." Ta kira yaron da ke kawo mata naman a waya ta miƙa masa, ya ji sallama da muryar Bahaushe, sai kunya ta kama shi. Ƙarshe malmala uku ya tashi da ita, har da neman ƙarin miya.

Da lokacin Azahar ya yi kuma ba sai ka tambaya ba. Akwai buta biyu da tabarma a wata 'yar rumfa ta gefe, an share wurin tas, wata yarinyarta ce ma ta nuna mana gabas, kuma na lura da aka kira salla a masallacin da ke kusa ita da kanta ta miƙa hannu ta kashe sifikar, da aka idar ta kunna abinta.

A hanya abokin nawa yake cewa da ta cire kalandar da waƙoƙin nan da ta fi samun kastoma. Ni fa ban yarda ba. Shagunanmu nawa ne a babbar kasuwa da karatun Alƙur'ani ke tashi tun safe, Kiristoci na shiga suna sayen atamfa ba wanda ya ce a kashe? Keke Napep nawa ke yawo da Masha Allah a baya, kowa na hawa? To don me ita za ta ninke addininta ta sa a jaka kafin mu ci tuwonta. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ma ya ba kowa damar bayyana addininsa a fili ko a ɓoye, amma ni ba ma dokar ce ta dame ni ba, na fi natsuwa da wanda na san inda ya tsaya. Matar nan ba ta taɓa yi min wa'azi ba, in na biya ta ce "Allah ya sa albarka ɗana", in ce amin, shi ke nan.

Kuma mu 'yan Gombe ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun da aka cire jihar daga Bauchi a 1996 tare muke a ofis da kasuwa da makaranta, ka shiga Kaltungo ko Billiri ka ga gida ɗaya wa na zuwa coci ƙane na zuwa masallaci. Ba wai ba a taɓa samun matsala ba, kowa ya tuna rikicin sarautar Mai Tangale a 2021 da dokar hana fita da aka sa a Billiri, ita kanta Mama in aka taɓo zancen shiru take yi ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Yanzu ƙorafi. Jira ya yi yawa, in ka je tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu sai ka yi minti talatin kana kallon na wasu, yara biyu ne kacal ke rabo. Wurin ajiye mota babu, fanka ɗaya ce kuma in an ɗauke wuta ba a ta da janareto, zafin Gombe kuwa kun san shi. POS ɗinta kullum ba netwok, ka riƙo kuɗi a hannu ko ka shirya yin taransfa kana ɗaga waya sama.

Ranar Lahadi kar ka wahalar da kanka da safe, tana coci, sai wajen La'asar take buɗewa kuma shinkafa kawai ake samu. Da azumi kuma takan dama kunun gyaɗa da yamma saboda masu shan ruwa, bara na sha, har ƙosai ta ɗora min biyu gyara. Taushen yakan ƙare kafin ƙarfe uku, in za ku je ku je da wuri.