Patatas bravas: yadda baƙo zai zaɓi dankali mai yaji na kirki a Madrid da Barcelona

Da wuya ka shiga gidan abinci a Madrid ko Barcelona ka rasa patatas bravas a jikin allo. Dankalin turawa ne da ake yankawa manya-manya, a soya, a kwarara masa jar miya mai ɗan yaji a kai. Yana cikin ƙananan cimar da mutanen Sifaniya ke kira tapas, wato abin taɓawa da ake ajiyewa a tsakiyar tebur kowa ya sa hannu. Kalmar brava tana nufin mai zafin rai, saboda yajin. Da yake kowa na sayar da shi, lalataccen ya fi mai kyau yawa, kuma farashinsu kusan ɗaya ne. Kuɗin da za ka biya a ba ka dankalin firiza da tumatirin kwalba, shi za ka biya a inda aka fere dankalin da safe aka dafa miyar a tukunya. Saboda haka sanin abin da za ka duba ya fi cikar aljihu amfani.

Ka fara da dankalin, ba miyar ba

Yawancin baƙi miya suke fara tambaya, alhali dankalin ne ke tona asirin kicin. Na gaske da hannu ake yanka shi, don haka gutsattsarin ba sa zuwa daidai wa daida: wani ya fi wani girma, wani mai kusurwa uku, kowanne dai kamar loma ɗaya, santimita 2 zuwa 3. In ka ga faranti ya zo da 'yan murabba'ai iri ɗaya sak kamar an auna da ma'auni, injin masana'anta ne ya yanka, daskararre aka sayo a leda. Ba zai cutar da kai ba, amma cikinsa kan zama fanko ko ya yi ruwa-ruwa, ɗanɗanon dankali kuma ya gudu.

Suya biyu ake yi masa. Ta farko a mai mara zafi sosai, wajen digiri 130 zuwa 140 a ma'aunin Celsius, na minti 10 zuwa 15, har cikin ya nuna luguf ba tare da bayan ya yi ja ba. Sai a tsame a bar shi ya huce. Idan mai saye ya yi oda, a sake jefa shi a mai mai zafin digiri 180 na minti biyu ko uku, bayan ya yi ƙamas. Wasu gidajen tafasawa suke yi a ruwa maimakon suyar farko, wannan ma ba laifi in an bar shi ya tsane. Irin dankalin da masu sana'ar suka fi so shi ne agria ko kennebec, don ba su da ruwa da yawa, suna ɗaukar suya.

Daga nan za ka gane kowace matsala da idonka. Dankalin da ya yi baƙi-baƙi a waje amma cikinsa da gardi, sau ɗaya aka soya shi a wuta mai ƙarfi. Wanda ya yi laƙwas, ka soke shi da tsinke mai ya tsatso, an zuba shi da yawa ne a kasko lokaci guda har zafin man ya faɗi, sai ya sha mai maimakon ya soyu. Wanda bayansa ya yi yauƙi kamar fata, tun ɗazu aka soya aka ɗumama. In kuma ka ji ƙarnin kifi, man da aka soya kifi ko calamares (wata dabbar teku ce) da shi ne, kuma wannan alama ce da za mu dawo kanta.

Dabara mafi sauƙi: kafin ka zauna, ka ɗan tsaya a bakin kanta ka kalli farantin da ake kai wa wasu. Mai kyau yana fitowa da tururi, launinsa ruwan zinare, miyar tana zaune a kansa ba ta kwanta a gindin faranti ba. Kuma ba ya zuwa cikin minti ɗaya da yin oda, sai dai in gidan ya cika maƙil ana ta suya babu tsayawa.

Miyar Madrid da ta Barcelona

A nan ne biranen biyu suka raba hanya, kuma ya kamata ka san wadda kake nema.

A Madrid, inda aka fi danganta asalin wannan abinci, tsohuwar miyar ba ta da tumatir ko kaɗan. Man zaitun ne ake ɗumamawa, wani lokaci da albasa, a zuba garin jan tattasai da suke kira pimentón, mai zaƙi da mai yaji a haɗe, a sa fulawa kaɗan don kauri, sai a tsinka da romo, a ɗiga ruwan khal. Launinta tsakanin ja da ruwan lemo, tana da santsi, tana kama jikin dankali. Mafi daraja a garin tattasan shi ne na La Vera, a yankin Extremadura, wanda ake busarwa da hayaƙin itacen oak, shi ke ba miyar ƙamshin hayaƙi mai kama da na banda. Garin tattasan nan ba ya jure wuta: in ya wuce 'yan daƙiƙoƙi a mai mai zafi sai ya ƙone ya yi ɗaci. Miya mai ɗaci a ƙarshen harshe, mai duhun launi, an ƙona ta ne. Mai ɗanɗanon ɗanyen gari kuma ba a bar fulawar ta dahu ba.

A Barcelona galibi abu biyu ake zubawa: farar miyar tafarnuwa da ake kira allioli, sannan jan mai mai yaji ko miyar tumatir mai barkono a samanta. Allioli na asali tafarnuwa ce da man zaitun da gishiri kawai, a daka a turmi har su kama, amma yawancin gidajen abinci suna sa ƙwai ko madara don ya yi saurin haɗuwa. Wannan salo ya fi maiƙo da nauyi, kuma tafarnuwar za ta bi ka har dare. A Madrid ma ana samun haɗin biyun, sai ka ce mixtas ko bravioli.

A ganina wanda ya zo Sifaniya karon farko ya fara da salon Madrid, domin a nan ne ake jin hannun mai girki. Babu farar miya da za ta rufe aibi. Wanda kuma yake son abu mai maiƙo da ƙarfin tafarnuwa, na Barcelona zai fi yi masa daɗi. Abin da ba a so a ko'ina shi ne na uku: ketchup da aka ɗiga wa yajin kwalba, da mayonis a gefe. Za ka gane shi da zaƙi da sheƙi, da kuma yadda ake zana shi siri-siri a kan dankalin daga bakin roba.

Batun yaji kuwa, kada ka sa rai da yawa. Harshen da ya saba da attaruhu da yajin tsire zai ji bravas kamar an ɗan taɓa shi ne kawai, don mutanen Sifaniya ba masu cin yaji ba ne. In kana son ƙari ka ce "más picante, por favor", wasu gidajen suna da mai yaji a ajiye. Amma daɗin abin yana cikin hayaƙin tattasai da ɗan tsamin khal, ba a ƙunar baki ba.

Tambayar da Musulmi zai yi kafin ya ci

Ganin dankali da miya sai mutum ya ɗauka babu abin tambaya. Akwai. Romon da ake tsinka miyar Madrid da shi yana iya zama na kaza, na ganye, ko na ƙashin cinyar alade da suke kira jamón, kuma wannan na ƙarshe ba baƙon abu ba ne a tsofaffin gidaje. Wasu kuma suna barbaɗa gutsattsarin chorizo a kai, wanda shi ma naman alade ne. Sai maganar man suya: ƙaramin gida mai tukunyar suya ɗaya, a cikinta ake soya dankali da croquetas (soyayyun ƙwallayen fulawa da madara) masu jamón da torreznos, wato soyayyen kitsen alade. Shi ya sa ƙarnin kifi a jikin dankali yake da muhimmanci, yana gaya maka cewa mai ɗaya ake amfani da shi ga komai.

Ga jimlolin da za ka riƙe a waya. "¿Lleva cerdo?" yana nufin akwai alade a ciki? Amma wannan kaɗai bai isa ba, don mai kawo abinci zai iya cewa a'a da zuciya ɗaya, shi nama yake tunani, ba romo ba. Ka ƙara da "¿La salsa lleva caldo de jamón o de carne?", wato miyar da romon jamón ko na nama aka yi? Sannan "¿Se fríen en aceite aparte?", ana soya su a mai na daban? Kada ka dogara da takardar abubuwan da ke tayar da borin jini da doka ta wajabta wa gidajen abinci: abubuwa 14 ne a cikinta, irin su alkama, ƙwai, madara da gyaɗa, alade ba ya ciki. In amsar ba ta gamsar da kai ba, salon Barcelona na allioli da jan mai ya fi sauƙin tantancewa tunda ba ya buƙatar romo, ko ka ce "la salsa aparte" a kawo miyar a gefe.

Ka kuma san 'yan uwan bravas da ke kusa da shi a allo. Bomba ta unguwar Barceloneta ƙwallon dakakken dankali ce da miyar yaji a kai, amma cikinta niƙaƙƙen nama ne, sau da yawa da alade. Patatas revolconas da patatas a la riojana duk da alade ake yin su. Wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne papas arrugadas con mojo picón na tsibiran Kanari: ƙananan dankali da ake dafawa da ɓawonsu a ruwa mai gishiri sosai, a ci da miyar barkono, tafarnuwa, kumin, mai da khal. Babu suya, babu romo.

Kusan duk inda ake sayar da tapas ana sayar da giya, ko da yake iyalai da yara da tsofaffi na cin abinci a wurin da rana. Wanda hakan bai kwanta masa ba, ya nufi Lavapiés a Madrid ko Raval a Barcelona, inda gidajen abincin halal na 'yan Maroko, Pakistan, Bangladesh da Senegal suke da yawa. Sai dai a can ba lallai ka sami bravas irin na gargajiya ba. Abin sha mara giya akwai mosto, ruwan 'ya'yan inabi ne zalla da bai zama giya ba, kuma tun 2022 doka ta ce a ba mai cin abinci ruwan famfo kyauta in ya nema: "agua del grifo".

Ina za a nufa

Ƙa'idar ita ce ka yi nesa da inda 'yan yawon buɗe ido suka yi dafifi. Gidajen da ke bakin manyan dandali, masu hotunan abinci a ƙofa da mutum tsaye yana kiran masu wucewa da harsuna biyar, ba sa jiran ka dawo gobe, don haka babu abin da zai sa su fere dankali. Tafiyar minti goma cikin lungu takan canza komai. Ka nemi inda 'yan unguwa ke tsaye a kanta, allon da alli aka rubuta shi, jerin abincin gajere ne.

A Madrid sunaye biyu aka fi ambata. Las Bravas yana tsakiyar gari, 'yan taku daga dandalin Puerta del Sol, a lungun da ake kira Callejón del Gato, kuma sun yi wa miyarsu rajista tun 1960. Sauƙin zuwa shi ne amfaninsa ga wanda kwana ɗaya ko biyu gare shi. Docamar kuwa yana kan titin Alcalá, lamba 337, kusa da tashar Quintana a layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, yana aiki tun 1963. Ya yi nisa da tsakiyar gari, masu cinsa galibi 'yan gari ne, kuma ranar Lahadi da rana sai ka yi haƙuri da cunkoso. In lokaci ya ba ka dama, tafiyar ta cancanta. A Barcelona, Bar Tomás da ke babban titin unguwar Sarrià shi ne wanda aka fi sani da salon allioli da jan mai. Jirgin ƙasa na kamfanin FGC daga dandalin Plaça de Catalunya zai sauke ka a Sarrià. Dankalinsu ya fi laushi, ba mai garas-garas ba ne, don haka wanda ƙamas yake nema ya san da wannan tun kafin ya hau jirgi. Waɗannan gidaje ba sa bayyana sirrin miyarsu, saboda haka tambayar romo da mai tana nan a kansu kamar kowa.

Girma, lokaci da lissafi

Girma uku ne: tapa ɗan ƙaramin faranti na mutum ɗaya, media ración rabin faranti da zai ishi mutum biyu taɓawa, sai ración cikakke na mutum uku ko huɗu in akwai wani abin a tebur. Ku biyu kada ku karɓi cikakke, domin bravas ba ya jira: bayan minti goma miyar ta jiƙa dankalin, na ƙasa ya zama taɓo. Gara a karɓi rabi, in an cinye a ce "otra de bravas", wato a ƙaro wani. A Madrid sau da yawa ana haɗo ɗan abin taɓawa kyauta da abin sha, a Barcelona ba a saba yin haka ba.

Farashin da ke rubuce ya haɗa da haraji, amma wuri yana canza shi: a tsaye a kanta ya fi araha, tebur na waje da suke kira terraza yakan ɗauki ƙari. Burodin da aka ajiye maka ba tare da ka nema ba ma yana iya fitowa a lissafi, in ba ka so ka mayar tun farko.

Lokaci kuma shi ne abin da ya fi kayar da baƙi. Ana cin abincin rana daga ƙarfe 2 zuwa 4, na dare daga ƙarfe 9. Tsakanin 4 da 8 na yamma kicin da yawa a rufe suke, wanda kuma yake buɗe a lokacin, sau da yawa ragowar suyar rana zai ɗumama maka. Ka je wajen 1:30 na rana ko 8:30 na dare, sa'ad da aka fara suya, man bai gaji ba, kanta kuma ba ta cika ba. In a watan Agusta ka zo, ka duba tukuna ko gidan na buɗe, don ƙananan gidajen unguwa da yawa sukan rufe su tafi hutu na mako biyu zuwa wata guda.