Assassin's Creed Odyssey: gem ɗin yaƙi da na saya saboda kacici-kacici

Yawancin masu sayen wannan gem saboda sara da suka suke sayensa. Ni abin da ya riƙe ni a cikinsa shi ne wasa ƙwaƙwalwa, kuma a kan wannan ɓangaren zan auna shi.

Kamfanin Ubisoft ne ya fitar da shi a watan Oktoba na 2018, ana buga shi a PlayStation 4 da Xbox One da kwamfuta. Labarin yana faruwa a tsohuwar Girka, daga shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin yaƙin Atens da Sparta. Mutum zai zaɓi Kassandra ko ɗan'uwanta Alexios. Tun a farko za a tambaye ka ko kana son a riƙa nuna maka wurin zuwa a taswira, ko a ba ka kwatance kawai ka nemo da kanka. Don Allah ka zaɓi na biyun. Rabin daɗin yana nan.

A cikin kogo da kufai da sansanin sojoji akwai 'yan alluna na yumɓu da aka warwatsa, kowanne ɗauke da kacici-kacicin da ke kai mutum ga wani abu da aka ɓoye. Wanda ya fi burge ni yana tsibirin Itaka. Allon ya ce ka bi sawun Odisiyus ka yi arewa, zuwa garken awaki inda ya haɗu da Atina, allahiyar hikima a almarar Girkawa, ta sauya masa kama. Wanda bai san labarin ba zai karanta ya wuce. Amma idan ka san cewa Odisiyus sarkin Itaka ne, ya yi shekara 20 ba ya gida, 10 a yaƙin Taroy, 10 a hanyar dawowa, kuma sai da ya yi shigar tsohon mabaraci kafin ya shiga gidansa ya tarar da masu zawarcin matarsa, to tafiyar nan ta zama wani abu daban. Kana taka ƙasar da waƙar Homa, tsohon mawaƙin Girka da ya ba da labarin Odisiyus, ta ambata ne. Na daɗe ina zagaya wannan tsibirin ba don ladan da ke ƙarshe ba. Ladan ma ɗan zane ne da ake yi wa makami don ya ƙara ƙarfi.

Sai babban abin, wato Sifinkis, dodanniya mai kan mace da jikin zaki. Dodanni huɗu na almarar Girkawa ne ke tsare da kayan da ake nema a wani reshe na labarin: Minoto mai kan bijimi, da Saiklof mai ido ɗaya, da Medusa mai gashin macizai, da ita. Ukun farko da makami ake gamawa da su. Ita kuwa takobinka ba shi da amfani a gabanta. Da dare ake samunta a wani kango a yankin Biyoshiya, kuma an sa ta a inda ya dace, domin a nan birnin Tibis yake, inda almara ta ce ta tare hanya tana tambayar matafiya: mene ne ke tafiya da ƙafa huɗu da safe, biyu da rana, uku da yamma? Duk wanda ya kasa sai ta cinye shi, har Edifus ya zo ya ce mutum ne, rarrafe da tafiya da dogara sanda.

A gem ɗin tambaya uku take yi, kuma ba lallai wanda aka yi wa abokinka a yi maka ba. Akwai ta abin da ke zuwa da dare ba a kira shi ba, ya ɓace da rana ba a sace shi ba. Akwai ta abin da ke shan ruwa kullum amma bai taɓa jin ƙishi ba. Bayan ka amsa, sai ka je ka taɓa alamun amsoshin a jikin ginin. Duk wanda ya tashi ana yi masa “ƙulun ƙulufita” da “Baba na ɗaka, gemu na waje” a dandali zai ji kamar gida ya zo. Bambancin kawai, mu idan an kasa sai a ce “na ba ka gari”. Sifinkis ba ta karɓar gari, ranka take ɗauka. Gabana ya faɗi a wurin nan fiye da yadda ya faɗi gaban Medusa.

Abin da ya rage min daɗi shi ne ƙarancinsa. Tambaya uku, shi ke nan, bayan doguwar tafiyar da ake sha kafin a kai matakin da za a iya zuwa wurinta. Allunan ma ba duka ne ke jingine da adabi ba, da yawansu kwatancen wuri ne kawai, dutse kaza kusa da kogi kaza. Ƙasa mai tarin labarai irin Girka ta isa a yi mata fiye da haka.

Mai niyyar saye ya san abu uku. Babu Hausa a ciki, kuma kacici-kacici ba ya jure rabin fahimta, don haka sai da Turanci mai ɗan ƙwari. A kwamfuta yana cin wuri kusan gigabait 46. Sannan na manya ne, an yi masa alamar shekara 18: akwai jini da giya da gumakan da ba sutura, ga allolin Girkawa ko'ina, waɗanda mutum zai ɗauka a matsayin almarar wasu mutane. Ga yara, akwai ɓangaren yawon buɗe ido da aka ƙara a 2019, ba faɗa a cikinsa, ana zagayawa da kai ana yi maka bayanin tarihi. Ni da shi na ce ƙanena ya fara, ya san waye Edifus tukuna.