Kotu ko Sasanci: Idan Ciniki da Kamfanin Sin Ya Ɓaci

Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya saro yadi daga Guangzhou, kaya suka zo saɓanin alkawari, hanya biyu gare shi.

Ta farko kotu. A Sin da Sinanci ake shari'a, kuma lauyan ƙasar ne zai tsaya masa. In ma a Kano ya yi nasara, zartar da hukuncin a Sin jan aiki ne.

Ni dai na fi son ta biyu, wato sasanci, inda masu shiga tsakani ke yanke hukunci a wajen kotu, a gaban hukuma irin CIETAC, hukumar Sin mai sasanta rikicin kasuwanci. Sin da Najeriya duk suna cikin Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta sa ƙasashe amincewa da hukuncin sasancin da aka yanke a wata ƙasa, saboda haka hukuncin masu sasanci yana ƙetare iyaka. Sai dai da tsada, babu ɗaukaka ƙara, kuma dole a amince da shi a rubuce, abin da masu ƙulla ciniki ta manhajar saƙonni ta WeChat kan manta.